Zanzaron da Ya Yi Gini a Kwamfutata

Shekarun baya, a wata damina da aka ba mu dogon hutun makaranta, na yi kusan wata biyu ban san inda zan ajiye kaina ba. A lokacin ina koyarwa a wata firamare cikin garin Madawa, muna gida ɗaya da mahaifiyata. Matata kuma an kai ta gidan iyayenta a Azarori goyon ciki. Cikin nan shi ne na uku. Biyun farko zubewa suka yi, ɗaya a wata uku, ɗayan har ya kai wata biyar, an gane namiji ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To ni kullum cikin tsumma nake kwana, cikinsa nake tashi.

Abin da ya ƙara mini nauyi shi ne ba ni da wanda zan faɗa wa. Ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo mahaifiyata ba ta taɓa kama sunana ba, “kai wanga” take ce mini, kuma ba ta yi mini doguwar magana sai ta kama dole. Ɗa da uwa irinmu ba sa zama su yi hirar cikin suruka. Duk ɓarin da aka yi sau biyu, iyakar abin da ya shiga tsakaninmu shi ne ta ce Allah ya mayar da alheri, na ce amin, kowa ya shige ɗakinsa. Gidan surukai kuma ba wurin zarya ba ne. Sau ɗaya a mako nake zuwa, in tsuguna in gaida mahaifinta a zaure, a ba ni 'yan mintoci da ita, in hau moto, wato babur ɗina, in dawo da tsorona yadda na je da shi.

Sai na zama kamar kaza mai neman wurin ƙwai. In zauna a zaure, in tashi in leƙa titi, in dawo in buɗe littafi, in karanta layi ɗaya sau huɗu ban san abin da ya ce ba. Ana cikin haka wata rana da hantsi na shiga ɗakin matata neman almakashi, idona ya faɗa kan tsohuwar kwamfutata a saman kabad, bayan kwanukan jerenta, an lulluɓe ta da tsohon zane.

Kwamfutar nan tana da tarihi. Abokina ne, wanda muka tashi tare, ya kawo mini ita daga Abijan a wani dawowarsa daga cin rani. Gwanjo ce, irin mai babban akwati, tun zuwanta ma ba yarinya ba ce. A kanta muka cinye samartakarmu muna wasan ƙwallo, shi da nasa makamin wasa ni da nawa, ana shan shayi ana musu. Daga baya ta fara tsufa da gaske. In ka kunna ta, sai ka dafa shayin farko ka sha kafin ta gama farkawa. Ga zafi, ga gurnani, kuma tana tsakiyar wasa sai ta ɗauke. Ni dai a tunanina ba ta taɓa ɗaukewa ba sai in ni ke cin wasan, abokina kuma ya rantse akasin haka ne. Da na yi aure matata ta ce abin nan yana cin wuri, ta sa aka ɗora ta can sama.

Ina tsaye ina kallonta sai na ji wani abu mai kama da sauƙi. Ga aikin da hannu zai yi, ga abin da in ya lalace ana iya canza masa kaya ya tashi. Ranar na kira wani mai gyara da na sani a Yamai, na karanta masa lambobin da ke jikin akwatin. Ya ce ba sai na sayi sabuwa ba, abu huɗu za su ɗaga ta. Na farko baret, wani siririn falle mai kama da matsefi wanda ke ƙara wa na'urar wurin riƙe aiki. Na biyu ƙaramin diski irin na yanzu, wanda bai kai tafin hannu ba kuma ba ya juyi balle gurnani. Sai sabuwar fanka, da wani man shafawa mai ruwan toka a cikin 'yar sirinji, wanda ake sa wa a kan ƙwaƙwalwar na'urar don ta rage zafi. Ya ce zai ba motar safe ta jibi.

Tun washegari na fara zuwa tasha, alhali na san ba ranar ba ce. Kwana uku ina jele, har mai karɓar saƙo ya soma ce mini “Mushe, ba ta iso ba” tun kafin in kashe moto, don Mushe ake kiran malamin makaranta a wurinmu. Ranar da kayan suka zo na shigo gida da ɗan kwali a hammata, fuskata a sake, karo na farko cikin makonni. Mahaifiyata tana tsintar shinkafa a bakin ƙofarta. Ta dubi kwalin, ta dube ni.

“Mi ne wanga?”

“Kayan mashin ɗina na, Inna. Gyara ta za ni yi.”

“Ta wasa?”

Na ce eh.

“To,” ta ce, ta mayar da kanta kan faifai. Wannan “to” ɗin na ji shi har cikin ƙashina, amma na yi kamar ban ji ba.

Na kifa turmi na hau, na yaye zanen. Ina ɗaga akwatin sai wani zanzaro ya fito fiit ta wata kafa da ke bayansa, ya wuce ta gefen kunnena. Ban kawo komai ba. Na sauko da ita kan tabarma a bakin ƙofa inda haske yake, na kwance ƙusoshi biyu, na zare murfin gefe. Sai ga gini. Gidan laka ne ja, ya kusa dunƙulen hannu, ɗakuna shida a jere kamar an kifa ƙananan tuluna. Biyar a rufe, na shida bakinsa a buɗe, lakarsa ko bushewa ba ta yi ba. Ya manne da ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwar, ya riƙe fiffiken fankar da ke kanta, gefensa kuma ya sauko daidai kan ramin da zan soke sabon baret. In da injiniya aka ba kwangilar ya hana ni aiki, ba zai zaɓi wuri ya fi wannan ba.

Na yi dariya, na ɗauki turnabis, ƙarfen kwance ƙusa, zan ɓamɓare. Can cikin ɗaki mai gidan ya dawo da laka a baki, yana ta kewaya saman kabad yana kuka, bai ga gidansa ba. Ina jin wannan kukan ne ya jawo mahaifiyata. Inuwarta kawai na gani a kan tabarma.

“Kai wanga, aje ƙarhen ga.”

“Inna, gidan zanzaro na. In ban hidda shi ba, ba ta tashi.”

“Cikin wane ɗaki yay yi shi?”

Nan na fara gano inda ta dosa.

“Zanzaro in ya yi gini ɗakin mai juna biyu, ba a hwasa mai sai an sauka. Haka nit tashi na ishe. Mai da ta inda kaɗ ɗauko ta.”

Malamin da ke cikina ya miƙe tsaye. Na ce mata wannan camfi ne, ƙwaro ne kawai ya sami wuri mai duhu. Na ce Allah ke rayawa, ba laka ba. Har na soma yi mata bayanin yadda zanzaro ke kama tsutsa ya ajiye wa ɗansa abinci, da muryar da nake yi wa 'yan aji huɗu. Ta bar ni na gama.

“Na san ka karanta,” ta ce. “Na kuma san Allah ka rayawa, ba kai za ka gaya man ba. Sau biyu ban roƙe ka komi ba. Wanga karon…” Sai ta tsaya. Ta gyara kallabinta, ta juya. “Mai da ta dai.”

Tun da aka fara wannan jarrabawa, ba ta taɓa zuwa kusa da maganar kamar ranar ba. Na ɗauki kwamfutar da haushina na mayar saman kabad. Ban gama saukowa daga turmi ba zanzaron ya shige ta kafarsa ya ci gaba da aikinsa.

Amma hannuna bai yarda ya zauna ba. Na ce a raina an hana ni fasawa ne, ba a hana ni gyara ba. Sai na mayar da saman kabad wurin aikina. Kullum da hantsi in hau turmi, tocila a baki, turnabis a hannu, kwanukan amarya a gefen gwiwar hannuna suna jiran in yi kuskure. Diskin bai ba ni wuya ba, wurinsa can gaba ne nesa da ginin. Sabuwar fanka ma na ɗaura ta a bayan akwatin, na kula ban toshe wa maƙwabcina ƙofarsa ba. In ya shigo in janye kai in ba shi hanya, in ya fita in ci gaba. Man shafawa kuwa ba dama, don sai an ɗaga ƙarfen da ginin ke manne da shi. Baret kuma, wanda shi ne uban tafiyar, na nan cikin ledarsa a aljihun rigata, ina yawo da shi har masallaci.

A haka abokina ya same ni wata rana da yamma. Ya dawo gida noma kamar yadda ya saba kowace damina, daga gona ma yake, ƙafafunsa duk taɓo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona a kan turmi.

“Mushe, daka kaka yi ko gyara?”

Na ba shi labari. Ya yi dariya har ya dafa bango.

“Kai da ka koya ma ɗiyan mutane siyans, yau kai ne gardin zanzaro. To shi na biyan ka, ko sadaka ta?”

“Bari kai dai. Tsohuwa ta hana.”

“Hwasa shi ka ce ya hwaɗi da kainai. Wa za ya kai ka ƙara?”

Na ce ba na son rigima da tsohuwa. Haka na faɗa masa, haka kuma na faɗa wa kaina. Gaskiyar ita ce tun ranar da ta yi maganar nan, duk lokacin da na kai turnabis kusa da lakar sai in janye shi. Ban yarda da camfin ba, wallahi har yau ban yarda ba. Amma ban kuma iya ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo na je Azarori. Na tarar ƙafafun matata sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ta ce ungozomar likita, wato asibitin garinsu, ta auna ta, ta ce jininta ya ɗan hau, ta rage gishiri ta yawaita kwanciya. Tana faɗa tana murmushi don kada in damu, ni ma ina gyaɗa kai ina murmushi don kada ta damu. Na dawo Madawa ban san yadda na bi hanyar ba. Na shiga gida, mahaifiyata ta tafi barka maƙwabta. Na zauna, na tashi. Na sha ruwa ba da ƙishirwa ba. Na zagaya tsakar gida sau ba adadi. Daga ƙarshe na tsinci kaina a kan turmi da baret a hannu.

Na ɗauki tsinken tsintsiya na gwada tsakanin ginin da ramin. Ya shiga da ƙyar. Na ce ai kuwa akwai hanya, in na karkata hannu kaɗan zai wuce ba tare da ya taɓa komai ba. Na saita shi, na danna gefe ɗaya ya zauna. Ɗaya gefen ya ƙi. Duk mai wannan aiki ya san sai an danna da ɗan ƙarfi har a ji ƙas. Na danna. Na ji ƙas ɗin, amma sau biyu na ji shi.

Ɗakin da ke can ƙasa ya ɓare. Ɓarɓashin laka ya zubo, tare da wasu korayen tsutsotsi guda uku da ba sa motsi, sai kuma wani ɗan abu fari, mai taushi, bai kai ƙwayar wake ba. Shi ya faɗo a tafin hannuna, yana ɗan lanƙwashewa a hankali.

Na tsaya a kan turmin nan ina kallonsa. Abin da na gani a wata biyar ɗin can, wanda na naɗe a farin ƙyalle da hannuna na kai makwancinsa, shi ya dawo mini gaba ɗaya. Duk karatuna ya gudu ya bar ni. Na sauko da hannu a buɗe kamar mai roƙo, na je gindin randa inda ƙasa ke da danshi kullum, na ƙwaƙulo 'yar laka da ɗaya hannun. Na koma na hau. Da tsinken tsintsiyar nan na mayar da farin abin cikin ɗakinsa, na tura masa tsutsotsinsa uku, na murza lakar na liƙe bakin, na danna da babban yatsa. Ina yi ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Na share ɓarɓashin, na jingina murfi ban ɗaura ƙusa ba, na lulluɓe da zane. Da mahaifiyata ta dawo ta same ni a zaure riƙe da littafi, ban ma lura a juye yake ba sai daga baya.

To daga ranar ne na san me ake kira rashin sukuni, na baya ashe wasa ne. Kwamfuta ta sami baret, ta sami diski, ta sami fanka, abin da ya rage kawai in soka waya in danna. Ban danna ba. Na san in ta kunnu zafi zai gasa ginin, fankar kuma za ta so juyawa ta ƙarasa shi. Abokina ya zo har sau biyu da makaman wasa a leda. Na farko na ce akwai wayar da nake jira daga Yamai. Na biyu na ce kuran, wato wutar lantarki, ba shi da ƙarfi. Ya dube ni, ya dubi ƙwan lantarkin da ke ci tangaran a zaure, ya ɗauki ledarsa ya tafi. Washegari ya zo ya ɗauke ni zuwa gonarsa, wai in motsa jiki. Kafin azahar na sare masa gero ya fi ciyawar da na nome, ya karɓe hauyarsa ya ce in je in zauna a inuwa don Allah.

Waya in ta yi ƙara sai in zabura in cafke ta. In ta yi shiru kuma in ɗauka in duba ko ta mutu. Sau biyu ina hawa moto in kama hanyar Azarori a ranar da ba tawa ba, in kai rabi in tuna ba ni da abin da zan ce wa surukina, in juyo. Abinci kuwa sai dai in tsakura. Mahaifiyata ta ɗauke kwano ba ta ce don me ba, ni ma ban ce ba. Ina ganin kamar ta ƙara yin shiru, sai na ɗauka fushin wasan nan ne har yanzu. Kullum in na idar da salla sai in ce yau zan gaya mata, in zo bakin ƙofarta in gaishe ta, in wuce. Kwana goma sha tara muka yi a haka.

Ranar ta ashirin aka tashi da ruwa tun asuba, bai tsaya ba sai da hantsi ya ɗaga. Ana ɗaukewa yayan matata ya kira. Ya ce naƙuda ta tashi tun da safe, sun kai ta likitar garin, ungozoma ta ce in abin ya ja za a so a kawo ta Madawa, amma korama ta cika. Na gaya wa mahaifiyata da kalma uku, “An kai ta.” Ta ce, “Allah shi raba lahiya.” Na figi moto.

Wanda ya san hanyar ya san koramar da nake nufi. Da rani yashi ne zalla, ka wuce ba ka san ka wuce komai ba. Ranar kuwa ruwa ne ja yana gudu da rassan itace, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Mutane sun taru ta kowane gefe, masu amalanke, masu moto, mata da kaya a ka, kowa ya sami wuri ya zauna, don sun san ruwan korama ba a yi masa gaggawa. Ni kaɗai ke tsaye. In gangara in sa ƙafa, in hauro. In ɗaga waya sama neman layi, in sauke. Wani dattijo mai jaki ya ce mini, “Ɗana, zamna. Kallo bai rage shi.” Na zauna, ban kai minti ɗaya ba na miƙe. Abin da ke yawo a kaina, kuma ina jin kunyar faɗa, ba hawan jini ba ne, ba korama ba ce. Ƙas ɗin nan na biyu nake ta ji.

Ana kiran la'asar daga wani ƙauye can nesa wayar ta yi ƙara. Muryar yayan matata ce, tana yankewa, sai da ya maimaita sau uku na haɗa ta. “Ta sauka. Ɗiya mace. Dukansu lahiya lau.” Na zauna a cikin taɓo da wandona na fita. Dattijon nan ya leƙo fuskata ya ce, “To ka gani, ka zamna dai.”

Ruwan bai ba da hanya ba, mahaifiyata kuma ba ta da waya, sai na juya gida. Ban same ta a ɗakinta ba. Tana ɗakin matata, zaune a ƙasa gindin kabad, ta jingina da turmin, carbi a hannu. Na tsuguna a bakin ƙofa.

“Inna, an sauka. Mace. Lahiya lau.”

Ta rufe ido ta yi hamdala, ta daɗe tana yi. Ni kuma abin da na riƙe kwana ashirin ya ƙi komawa ciki.

“Inna, gidan ga na zanzaro. Na hwasa ɗaki guda. Tun wancan…”

“Na sani.”

Na ɗago na dube ta, abin da ban cika yi ba.

“Kullum in ka tahi masallaci da sahe sai in hau turmin ga in diba. Kai kaɗai kaka ganin ka iya hawa? Zanzaro bai da babban yatsa.” Ta ja carbinta ɗaya, biyu. “Da kaz zo da kwalin ga kana murna, na ce yarinyar mutane tana can tsakanin rai da mutuwa, shi ko wasa a gabanai. Na ce ko na haihi wanda bai da zuciya. Ran da nig ga yatsanka bisa lakar ga, nan niz zamna na yi kuka. Ba don ya hwashe ba. Na san ba ni ɗai ka jin tsoro ba cikin gidan ga.”

Ta miƙe tana dafa turmi, ta ce in tashi in canza wando kafin mutane su fara shigowa barka su ga malamin makaranta kamar wanda ya faɗa rijiya.

Sai bayan suna na sauko da kwamfutar. Ɗakuna biyar kowanne da 'yar ƙofa zagayayya, masu su sun fita sun kama gabansu. Na shida, wanda na liƙe, yana nan a rufe. Lakata ta yi kauri, ginin malami ne ba na magini ba. Abin da ke ciki bai fita ba, yarinya kuma ga ta can tana tsala kuka a Azarori. Don haka in camfin kuke tambaya, kun ji amsarsa. Na ɓamɓare sauran, na goge ƙarfen, na shafa man nan mai ruwan toka, na mayar da komai, na danna. Kafin in gyara zama ta farka. Ba gurnani, ba zafi. Abokina ya zo da yamma ya zura mini huɗu ba ko ɗaya, kuma ta ƙi ɗaukewa ta cece ni.

Na sha tunanin wannan damina. Ni da mahaifiyata muna gida ɗaya, tsoro ɗaya ke cin mu, tsakanin ƙofarta da tawa bai fi taku goma ba, amma kowa ya ɗauka shi kaɗai ne. Ita tana ganin ɗanta ya koma wasa, ni ina ganin tsohuwa ta riƙe camfi, alhali kowannenmu abin da hannunsa ya iya kaiwa ne ya kama. Ba na zagin kunya, da ita aka rene ni kuma ina ganin kyanta. Sai dai na gane tana iya sa mutum biyu su yi zaman makoki dabam dabam a kan abu guda. Har yau ba ta kama sunana, ban kuma so ta fara. Amma yanzu in abu ya dame ni nakan je in zauna a bakin ƙofarta, ko ban faɗa duka ba in faɗi rabi, ita ta san sauran.

Kwamfutar tana nan, ta ƙara tsufa, ni ma haka. Ɗakin nan na shida ban jefar ba, na ajiye shi a ƙasan akwatin daga ciki, a wani lungu da ba ya taɓa komai. Kwanakin baya na buɗe ta ina share ta a tsakar gida, 'yata, wadda yanzu take cin ni a wasan ƙwallo ba tausayi, ta tsuguna tana leƙe. Ta ɗauko 'yar lakar ta juya ta, ta ga shatin yatsa a jiki.

“Baba, wannan mene ne?”

Na fara kame-kame, ina neman ta inda zan soma. Kakarta tana bakin ƙofarta tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Aje shi inda kig gane shi,” ta ce. “Wata magana ta da ubanki yat taɓa yi man.”